Tambaya: wai ina Iran ta rika samun kayan gyaran F-14 lokacin yakinta da Saddam?

Direba_Dammam

Assalamu alaikum yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sani ku zo ku raba mana gardama. Jiya bayan isha'i muna zaune a sakan, wato masaukinmu, ni da wani abokin aikina, shima tirela yake ja, yana ta kallon bidiyon jiragen yaki a waya sai ya nuna min wani mai fukafukai suna budewa suna tsukewa kamar shirwa zata sauka kan dan tsako, yace F-14 ne kuma wai na Iran ne. Nace haba malam F-14 ai na Amurka ne, ya za ayi Amurka ta baiwa Iran jirgin yaki, mutanen da basa ga maciji da juna? Ya rantse min nasu ne, kuma da irinsu sukayi yakin shekara takwas da Saddam.

Na dan duba na ga lallai yana da gaskiya, tun zamanin Shah, sarkin Iran, aka saya. To anan ne kaina ya daure. Ni direba ne, na san halin karfe, tirelar da nake ja kwanaki sati uku cur tayi a warsha, wato gareji, saboda wani dan karamin sensa da bai kai kwalin ashana ba, sai da aka jira shi daga Jamus. To ina ga jirgin yaki? Bayan juyin juya hali an sa musu takunkumi, turawan dake gyara sun tattara komatsansu sun tafi, sannan ga yaki ya fado musu a 1980. Wa ya rika gyarawa? Ina suke samun gayar, wato kayan gyara? Ko dai cika baki ne kawai, jiragen a kasa suka kare yakin sai ranar fareti a fito dasu? Kuma abokin nan nawa har cewa yayi wai akwai ranar da jiragen Iran suka gwabza da na Saudiyya a nan kusa damu, wannan kam nace masa sai na tambayi manya.

Abu_Ammar_Madina

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba. Shah ya yi odar F-14 guda 80 a 1974, aka kawo masa 79 daga 1976 zuwa 1978, na ƙarshen bai taɓa isa ba. Abin da ya sa ya nace sai wannan jirgin, MiG-25 na Tarayyar Sobiyet ne ke shigo masa sama ya yi leƙen asiri ya fita ba wanda ke iya cim masa. F-14 kuwa yana da rada mai hangen nesa da makami mai linzami da ake ce wa Phoenix, yana iya bugun jirgi daga nisan sama da kilomita 150. Duk duniya ba ƙasar da Amurka ta sayar wa F-14 sai Iran. Amma kada sunansa ya ruɗe ka, jakin yaƙin shi ne F-4 Phantom, Shah ya sayo shi sama da 200, sai kuma F-5.

Ni a ganina takunkumi ma ba shi ya fara karya su ba, su suka fara karya kansu. Da juyin ya yi nasara a Fabrairun 1979 an harbe manyan hafsoshin sama, har da kwamandan rundunar Janar Rabi'i da Janar Nadir Jahanbani. Matuƙan jirgi yawancinsu a Amurka suka yi horo, to sabuwar gwamnati kallon yaran Shah take musu. Sai kuma a Yulin 1980 aka bankaɗo shirin juyin mulki a sansanin Nojeh kusa da Hamadan, aka kama matuƙa da yawa aka kashe wasu. Wata biyu bayan haka Saddam ya afka musu. Ka ga ai ya zaɓi lokacinsa.

Ranar 22 ga Satumba 1980 jiragen Iraƙi suka kai hari filayen jirgi goma, nufinsu su gama da jiragen Iran a ƙasa kamar yadda Isra'ila ta yi wa Masar a 1967. Bai yi ba, don jiragen na cikin rumfunan kankare da aka gina tun zamanin Shah, titin tashi kawai aka farfasa aka kuma cike ramukan. Washegari Iran ta tayar da jirage wajen 140 suka shiga Iraƙi, shi ne harin da suke kira Kaman 99. Shugaban ƙasa Bani Sadr ne ya matsa aka buɗe kurkuku aka sako matuƙa, mutum jiya yana jiran hukunci yau an miƙa masa hular tuƙi. Jalil Zandi, wanda ake danganta masa kakkaɓo jirage 11 da F-14, shi ma ya ɗanɗana kurkukun kafin nan.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na 4 ga Afrilu 1981. Iraƙi ta kwashe jirage ta kai sansanin H-3 can yamma kusa da iyakar Jodan, ta saki jiki tunda a lissafi man Phantom ba zai kai shi can ya dawo ba. Phantom takwas suka tashi, suka bi ta tsaunukan arewa gefen iyakar Turkiyya ƙasa-ƙasa, suna shan mai a sama daga jiragen Boeing masu dakon mai, suka faɗo wa sansanin ta inda ba a zata ba, kuma duk takwas ɗin ba wanda aka harbo. Kafin nan ma, 30 ga Satumba 1980, Phantom biyu sun bugi tashar nukiliyar Osirak kusa da Bagadaza, wata takwas kafin Isra'ila ta zo ta rusa ta.

Su wa ke gyara? Akwai wasu ma'aikatan rundunar da ake ce wa Homafaran, ƙwararrun kanikawa ne da aka horar amma ba a ba su girman hafsa ba, suna jin an raina su. Su ne suka je a jere da kakinsu suka yi wa Khumaini mubaya'a ranar 8 ga Fabrairu 1979, kwana uku kafin gwamnatin Shah ta faɗi. To matuƙi ana zarginsa, bakanike kuwa ɗan gida ne. Da turawan Grumman, kamfanin da ya ƙera F-14, suka bar Isfahan, a hannun waɗannan aikin ya koma.

Bakanike_Jidda

Malam Abu Ammar Allah ya kara ilimi, ka kawo tarihi, bari ni kuma in kawo na warsha tunda an tabo yan uwana kanikawa.

Dan uwa direba amsar tambayarka kalma daya ce kuma ka santa, tashlih, wato yanka matacciyar mota a cire kayanta a sa wa wata. Duk wanda ya taba zuwa tashlihin Biraiman a nan Jidda neman kayan tsohuwar Caprice ko GMC ya san yadda ake yi. Kana da mota uku iri daya duk sun tsaya, wannan giya ce ta mutu, waccan inji, ta ukun kwamfuta. Sai ka zabi wadda tafi lalacewa ka yanka ta, biyu su tashi. Bayan wata shida daya ta sake tsayawa, ka koma kan gawar ka kara cira, wata rana ka je ka tarar ba abin cira sai bodi, to ranar dole ka yanka ta biyu. Haka Iran tayi da jiragenta, kuma shi yasa a farkon yaki kake jin jirage 140 a rana daya amma daga baya sai ka ji biyu, hudu. Tashlih baya haihuwa, cin kansa yake.

Kuma kaya iri biyu ne. Akwai wanda in kana da mai makharata, injin fike karfe, mai hannu zai fike maka shi, bushi, tiyo, faifan birki, wani karfe da ya tsage. Wannan Iraniyawa sun koya sun rika yi da kansu. Akwai kuma wanda ko ka kwana kana kallonsa baka san me ke ciki ba, irin sensan nan naka, kayan rada da kan makami mai linzami. Anan ne suka sha wuya. Da Phoenix ya fara karanci har makamin Hawk wanda daga kasa ake harba shi suka dauka suka gwada daurawa a karkashin F-14, wallahi da na ga hoton dariya nayi, irin aikinmu ne sak, kamar ka dora injin Toyota a kan Mercedes. Ga injin F-14 din kansa TF30 dama can mai laulayi ne, ko a hannun Amurkawa yana shakewa a sama in an murda jirgin da karfi.

Wani abu kuma da mutane basa lura dashi. Shah ya tara kayan gyara jibgi guda a sito, amma lissafin inda komai yake a kwamfuta yake kuma Amurkawa ke rike da tsarin, da suka tafi sai ya zama kaya na nan amma ba a san ina ba. Wannan na gani da idona a karamin mataki. Warshar da na fara aiki muna da wani mai kula da sito, shekara goma sha yana wurin, suka samu sabani da kafil, wato ubangidan da ya dauko shi, aka buga masa khuruj, takardar barin kasa, ya tafi da lambar sirrin kwamfutar a kansa. Kwali sama da dubu a kan kanta, ba suna sai lamba. Mukayi wata biyu muna fita sayen abin da muke dashi a bayanmu, ni da wani yaro muka zauna muna bude kwali daya bayan daya muna rubutawa a littafi da biro, zafin Jidda kuwa ba a magana, fanka daya ce a siton. Wata rana na bude kwali na tarar da famfon mai guda shida irin wanda muka sayo jiya da tsada. To ka auna wannan da siton rundunar sama, abu miliyoyi, kuma ana ruwan bam.

Amurka ma ta san da maganar tashlih din nan. Da ta daina amfani da F-14 a 2006, maimakon ta ajiye su a hamadar Arizona kamar sauran tsofaffin jirage sai ta sa inji ya rika daddatsa su, don kar ko kusa daya ta bi ta hannun dillalai ta isa Iran. Ni a matsayina na bakanike abin ya min ciwo ba kadan ba.

Baban_Khadija_Jubail

Salamu alaikum. Ɗana ne ke rubuta min, idona ba ya son ƙananan rubutun nan. Yaro, maganar abokinka ta faɗa da jiragen Saudiyya gaskiya ce, ina nan Jubail aka yi. Lokacin ina lebura a wani kamfanin gine-gine, ana ta gina garin masana'antun nan da kuke gani yanzu, a lokacin rabinsa rairayi ne da ƙarafa.

A 1984 yaƙin ya sauko cikin teku. Iraƙi na bugun duk tankar da ta je ɗaukar mai a tsibirin Kharg, har da tankokin Saudiyya ma ta buga, ita kuma Iran ta ce to in nata man ba zai fita ba na masu ba Saddam kuɗi ma ba zai fita lafiya ba. A watan Mayu jirgin Iran ya bugi wata tankar Saudiyya mai suna Yanbu Pride ba nisa da nan. Daga ranar hankalin kowa ya tashi, abokan aikinmu 'yan Koriya da Filifin kullum zancen ke nan a wurin cin abinci, in aka bugi tashar mai ta Ras Tanura ko injin tace ruwan teku me za mu sha. Mu 'yan Afirka dai sai mu ce Allah ya kyauta, wa zai ba ka fasfonka ma ka gudu, yana aljihun kafili.

Ranar 5 ga Yuni, muna farkon azumi, ba zan manta ba don zafin shekarar ya gasa mu. Phantom na Iran suka nufo wajen, jirgin AWACS na Amurka mai faifai a baya da ke shawagi tun 1980 ya hango su, F-15 na Saudiyya guda biyu suka tare su wajen tsibirin Arabiyya suka harbo Phantom da makami mai linzami. Daga nan kowane ɓangare ya ƙara tayar da jirage, aka yi cirko-cirko a sama, sannan kowa ya juya. Kada in yi maka ƙarya, ni ban ga komai ba, can cikin teku aka yi. Mu ƙarar jiragen sansanin Zahran dama ta zame mana jiki. Sai bayan shan ruwa muka kewaye rediyon wani mutumin Zinder, Allah ya jiƙansa, muka ji a sashen Hausa. Kofin shayi na hannuna har ya huce ban sha ba. Wani ya ce shi ke nan gobe Iran za ta rama a kanmu. Ba ta rama ba. Saudiyya ta shata wani layi a teku da ake kira layin Fahad ta ce duk jirgin da ya ƙetare za a harbo shi, kuma jiragen Iran ba su sake gwada wannan hanyar ba.

Ni abin da na fahimta daga baya, ba tsoro ba ne, lissafi ne. Mai jirgin da in ya faɗi ba shi da inda zai sayo wani ba ya buɗe faɗa na biyu. Saudiyya F-15 ɗinta sababbi ne fil, 1982 aka fara kawo su, shi kuwa Phantom ya sha wuya shekara huɗu ba hutu. Kuma abin dariyar, duka biyun kamfani ɗaya ya ƙera su, McDonnell Douglas.

Direba_Dammam

Allahu akbar, Baba Allah ya kara lafiya da nisan kwana, ashe a gabanku akayi. Jubail din da nake kai kaya duk sati. Gobe sai na baiwa abokina hakuri.

Dan_Kano_Makka

Baba a gafarce ni, Malam Abu Ammar kaima haka, amma ina ganin an dan zuzuta abin nan da yawa. Ana ta cewa kanikawa kanikawa kamar da guduma da sifana kadai akayi shekara takwas. Kayan fa sun rika shiga ta bayan gida, kuma daga hannun wadanda ake zagi a masallaci ranar juma'a. Isra'ila ta sayar musu da kaya tun farkon yakin har da tayoyin Phantom, a Yulin 1981 wani jirgin dakon kaya na kamfanin Ajantina ya fadi a Armeniya ta Sobiyet yana dawowa daga Tahran, shi ya tona cinikin. A 1985 an kama wani gungu a San Diego suna satar kayan F-14 daga siton sojan ruwan Amurka suna turawa. Sannan ga babbar badakalar gwamnatin Reagan, ta sayar musu da makaman TOW masu fasa tankar yaki sama da 2,000 da kayan Hawk a boye don a sako Amurkawan da aka kama a Labanan, kudin kuma aka karkatar wa yan tawayen Nikaraguwa, sai a Nuwamban 1986 wata mujalla a Beirut ta fasa kwai. Kowa na zagin kowa a rediyo, da daddare ana kirga dala.

Kuma in jiragen sun yi abin da ake fada me yasa daga tsakiyar yakin sama ta koma hannun Iraki? Saddam yana rasa jirgi Faransa da Sobiyet na kawo masa sabo, Mirage F1 tun 1981, MiG-25, har Super Etendard guda biyar Faransa ta bashi aro a 1983 da makamin Exocet mai bugun jiragen ruwa. A 1986 jiragensa har tsibiran Sirri da Larak suka kai hari, can kusa da bakin Hormuz. Iran kuwa sai tura samari take a kafa suna shiga nakiyoyi. Adadin jiragen da kowa yace ya harbo kuma ni bana dauka, a yaki kowa gwanin lissafi ne.

Abu_Ammar_Madina

Ɗan Kano ba mu saɓa ba ai, duk abin da ka lissafa ya faru. Sai dai ka lura kayan satar ma sai an sami mai ɗaurawa. Mu a gida ba an sayo jiragen yaƙi Jaguar 18 a 1984 ba, ba takunkumi a lokacin ba yaƙi, kafin shekara goma duk sun kwanta a Makurɗi? Maganar sama ta koma hannun Iraƙi kuwa haka ne, shi ya sa suka koma tattalin F-14, ba a tura shi ko'ina sai gadin Kharg da Tahran da manyan wurare, wani lokaci ma aikinsa ya tsaya can baya ya zama idon sauran jirage da radarsa. Matuƙan Iraƙi in suka ji alamar radar ta kama su sau da yawa juyawa suke, to ko bai harba ba ya yi aiki.

Rashin yardar ma ba ta ƙare ba. Da aka tsige Bani Sadr a Yunin 1981, a jirgin Boeing 707 na rundunar saman ya gudu Faransa a watan Yuli, wanda ya tuƙa shi Kanar Mu'izzi, shi ne dai ya tuƙa Shah ranar da ya bar ƙasar a Janairun 1979. Bayan nan aka sake tsefe rundunar. Abbas Baba'i kuma, ɗaya daga cikin manyansu da gwamnati ta yarda da shi, a 1987 bindigar kakkaɓo jirgi ta ɓangarensu ce ta kashe shi bisa kuskure yana cikin F-5.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihin jirgin nan ba na soja ba ne. Ranar 3 ga Yuli 1988 jirgin ruwan yaƙin Amurka Vincennes ya harbo jirgin fasinja na Iran Air da ya tashi daga Bandar Abbas zuwa Dubai, mutum 290 suka mutu har da yara 66, suka ce sun zaci F-14 ne. Wata ɗaya da rabi bayan haka aka tsagaita wuta, 20 ga Agusta.

Sai kuma 1991, da Amurka ta taso wa Saddam, ya tura jiragensa sama da 100 Iran don su tsira. Iran ta ce ta riƙe a matsayin diyyar yaƙi, ta shafa musu fentinta. Mirage ɗin da ya rika bugun Kharg ya koma nasu.

Bakanike_Jidda

Hhhh wannan shine ka kai ajiya gidan wanda yake bin ka bashi. Amma ka ga nan ma wani sabon ciwon kai ne ga kanikawa, jirgin Faransa da na Rasha sun zo ba littafi ba gayar, sifanar ma ba iri daya ba, na Amurka inci ne wadannan milimita.

Dan uwa direba wace iri ce tirelar taka, Actros ce? In sensan ya sake mutuwa kar ku zauna jiran Jamus, ka turo min lambar dake jikinsa ta inbos, akwai wani a Biraiman da yake yanka irinsu.

Direba_Dammam

Ita ce yaya, 2016. Bari in na sauke kaya a Jubail gobe in leka karkashi in dauko maka hoton lambar, amma sai mudir, wato manajanmu, ya yarda, mutumin baya son kayan tashlih ko kadan.